Eddy Merckx: Gwarzon tseren keken Beljiyam da bai san "ya isa" ba

A tarihin tseren keke na kan titi, babu sunan da ake ambata kafin na Eddy Merckx, ɗan ƙasar Beljiyam wanda aka lissafa masa nasara 525 daga ƙuruciyarsa zuwa ranar da ya jingine keke. An haife shi ranar 17 ga Yunin 1945 a ƙauyen Meensel-Kiezegem, ya kuma tashi a wata unguwa da ke gefen birnin Brussels, inda iyayensa ke da kantin kayan masarufi. Yana ɗan shekara 19 ya zama zakaran duniya na 'yan sha'awa a garin Sallanches na Faransa, a 1965 kuma ya mayar da tsere sana'a. Shekara ɗaya bayan haka ya lashe gasar Milan zuwa San Remo a Italiya, wadda daga baya ya ci har sau bakwai.

Sai an san yadda ake wannan wasa kafin a gane abin da ya bambanta shi da sauran. Babbar gasa irin Tour de France mako uku ake yi ana fafatawa, kowace rana da zangonta, ana tara lokacin da kowa ya ɓata, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ke sanya riga mai ruwan ɗorawa. Bisa al'ada, mai rigar yakan lafe a bayan abokan tawagarsa suna tare masa iska, yana tattalin ƙarfinsa domin gobe. Merckx bai san wannan tattali ba. Ko yana kan gaba da rata mai yawa, sai ya sake kai farmaki, har aka yi masa laƙabi da "mai cin naman mutane", domin ba ya rage wa kowa ko loma.

Shekarar 1969 ta tattara halinsa gaba ɗaya. A watan Yuni yana jagorantar gasar Giro ta Italiya aka kore shi a garin Savona, bayan gwaji ya nuna haramtaccen magani a jikinsa. Ya musanta, yana kuka a gaban 'yan jarida, daga baya aka ɗage dakatarwar da aka yi masa, ya shiga Tour de France karo na farko. A tsaunukan Pyrenees, alhali ya riga ya ba na biye da shi ratar fiye da minti takwas, ya ɓalle shi kaɗai ya yi tafiyar kusan kilomita 140 zuwa Mourenx, ya ƙara wasu kusan minti takwas. Ya isa Paris ranar 20 ga Yuli da ratar kusan minti 18, riƙe da rigar jagora da kyautar maki da ta hawan dutse. Rabon ɗan Beljiyam da wannan kofi tun 1939.

Murnar ba ta daɗe ba. A watan Satumba, a filin tsere na Blois, ya yi mummunan haɗari wanda ya yi ajalin Fernand Wambst, mai babur ɗin da ke ja masa gaba. Merckx ya tsira da rauni a ƙugu da baya, kuma ciwon bai rabu da shi ba. An sha ganinsa yana gyara tsayin sirdin kekensa ana tsakiyar tsere. Abin mamaki, mafi yawan kofunansa bayan wannan rauni ya same su: Tour de France biyar jimilla (1969, 1970, 1971, 1972 da 1974), Giro biyar, Vuelta ta Sifaniya a 1973, da kambun duniya na ƙwararru sau uku. A ranar 25 ga Oktoban 1972, a birnin Meziko, ya yi kilomita 49.431 cikin awa ɗaya, bajintar da ta tsaya har 1984.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗa: batun magani bai ƙare a Savona ba. An sake kama shi a 1973, inda aka ƙwace masa nasarar gasar Lombardiya, sannan a 1977.

A 1975 ne ƙarfinsa ya fara gazawa. Yana neman kofin Tour na shida, wani ɗan kallo ya nushe shi a ciki a kan hawan Puy de Dôme. Bernard Thévenet na Faransa ya wuce shi a hanyar Pra Loup ya karɓe rigar, sannan Merckx ya faɗi ya karye a ƙashin kunci. Likitoci suka ba shi shawarar ya haƙura, ya ƙi, ya ƙarasa Paris a matsayi na biyu yana cin abinci da ƙyar. Da yawa daga masu bin wasan na ganin taurin kan nan ya gaggauta ƙarewarsa, ko da yake shi ne ya saya masa ƙaunar Faransawan da suka gaji da ganinsa yana cinye gasarsu.

Ya yi ritaya a 1978, ya kafa kamfanin ƙera kekuna mai ɗauke da sunansa a 1980, Sarki Albert na Biyu kuma ya ba shi sarautar Baron a 1996. Ɗansa Axel ya ci lambar tagulla a wasannin Olamfik na Athens a 2004. Akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai sunansa a Brussels, birnin da aka buɗe gasar Tour ta 2019 domin cikar shekara 50 da nasararsa ta farko. Zango 34 da ya ci a gasar sun zauna a matsayin tarihi har 2024, lokacin da Mark Cavendish na Birtaniya ya ci na 35.