Yaren hannun da ke shiga zauren lacca a Kano, daga ina ya zo?

Idan ka ga tafinta a gefen malami yana juya lacca da hannu, kada ka ɗauka yaren da kuramen Kano suka gada yake yi. Kurame a ƙasar Hausa suna da nasu tun da daɗewa, ana ce masa maganar hannu. A kasuwa da majalisa ake koyonsa, daga babba zuwa yaro. Constanze Schmaling, wata mai nazarin harsuna daga Jamus, ta zauna da kuramen Kano, ta fitar da littafi a kansa a 2000.

Na makaranta hanyarsa daban. Andrew Foster, kurma baƙar fata ɗan Amurka, shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, kuma da yaren hannun Amurka ya zo. Malaman da aka horar a wannan layi suka bazu. Da aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano a 1977, shi ya zama yaren aji, aka bar maganar hannu a bakin ƙofa. A ganina an yi asara a nan, don yaro ya fi saurin kama ilimi da yaren da yake tunani da shi.

To, ga ɗalibin ya iso kwaleji. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati har manya su karɓe shi da kayan aiki da ƙwararru. Sai dai doka ba ta zama a aji. Kai mai ji kana saurare kana rubutu a lokaci guda. Shi kuwa idonsa shi ne kunnensa: in ya kalli allo ya rasa tafinta, in ya sunkuya zai rubuta jimla ta wuce shi. A darasin sinadarai abin ya fi muni, domin kalmomi da yawa ba su da alamar da kowa ya sani, sai a harrafa su da yatsu ɗaya bayan ɗaya, malam kuma tuni ya yi gaba.

Shi ya sa malaman da suka gane suke ba ɗalibi da tafinta takardar lacca tun kafin ranar, su daidaita alamomin sababbin kalmomi. In sun rubuta lissafi a allo sai su yi shiru ɗan lokaci, su juyo su fuskanci aji, sannan su fara bayani.