Keke mai giya ɗaya

Keke mai giya ɗaya shi ne wanda ba a canza masa giya: faifai ɗaya gaba, ɗaya baya, sarƙa ta haɗa su. Irinsa ne Phoenix na ƙasar Sin da ke dakon buhun gero a Maradi da Damagaram. Yana jure rairayi, gyaransa da araha.

Akwai kuma na ƴan tsere, wanda Faransawa ke kira "pignon fixe". Faifansa na baya manne yake da taya: muddin tana juyawa, feda ma na juyawa, ba hutu ko a gangara. Wasu ko birki babu.

Mai saye ya ɗaga bayan keken, ya murza feda baya. In taya ta bi, to na tsere ne, kuma kada a shiga cunkoson kabu-kabu da shi sai an sa masa birki.