Tseren kuros a Duwala: yadda ake shata hanya a lambun birni

Kuros, abin da Faransanci ke kira cross, tsere ne na dogon zango a kan ciyawa da ƙasa, ba a kan kwalta ko cikin filin wasa ba. Kamaru ta san shi: a watan Maris 2016 an yi gasar Afirka a filin golf na Yawunde. Ga makarantu da ƙungiyoyin matasan New Bell, matsalar farko fili ce. Unguwar a cushe take, lungunanta na 'yan kasuwa ne da 'yan bensikin. Dole a fita, kuma wurin da ya fi zuwa a rai shi ne Parcours Vita da ke ɓangaren Makepe, wanda aka keɓe don motsa jiki.

Ƙa'idar hukumar World Athletics ita ce a shata hanya mai zagaye, tsawonta mita 1,500 zuwa 2,000, a riƙa maimaita ta. Faɗinta mita 5, da tef a kowane gefe. Manya, maza da mata, suna gudun kilomita 10. 'Yan ƙasa da shekara 20 kuwa maza 8, mata 6. Gasar makaranta ba sai ta kai haka ba, amma dokar mita 300 na farko ba abin wasa ba ce: kada a sa ƙofa, gada ko matsatsi a wurin, domin nan ne yara ke tashi gaba ɗaya, wanda ya faɗi a taka shi. In hanya ta ratsa siminti ko kwalta, a rufe shi da ƙasa ko tabarmi.

A Duwala ruwa ne ke yanke hukunci. Birnin na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, mafi yawansa daga Yuni zuwa Oktoba, don haka Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin tsere. Amma mai shata hanya ya fara aikinsa tun da damina. Ya je ya taka wurin da ƙafa bayan an ɗauke ruwa, ya ga inda yake kwanciya da inda yake zaizaye ƙasa. Ramin da ruwa ya haƙa a Agusta ciyawa ce ke rufe shi a Janairu, kuma shi ke gurɗe ƙafa. Ɗan taɓo ba laifi, da shi aka san kuros. Kwata da ruwan bola su ne ba a yarda da su ba. Saiwar itace da ta fito a shafa mata farar ƙasa, a tsince fasassun kwalabe, a sake zagayawa da asubar ranar. Awo kuma a yi shi da igiyar awo, wayar hannu takan yi ƙarya a ƙarƙashin itatuwa.

Rani ba ya kawar da gumi a nan. A gasar duniya ta Kampala a 2017, Joshua Cheptegei na Uganda yana gaba da nisa har zagayen ƙarshe, ƙarfinsa ya ƙare, ya gama a na 30. Idan haka ta sami gwani, ɗan sakandare fa? A tashi da sassafe, a ajiye ruwan sha da masu agajin gaggawa a wurin gamawa, a bar hanyar da mota za ta shiga. A duba kalanda kuma: shekarun nan azumi yana faɗowa cikin rani, kuma safiyar Asabar ta fi Juma'a sauƙi.

Sauran aikin na takarda ne: izinin masu kula da wurin da na hukuma, da mai tsaro a kowace kwana don kada a yanke hanya.