Adana kwafin kwamfutar kwaikwayo

Adana kwafin kwamfutar kwaikwayo hanya ce ta ɗaukar kwafin faifai da saituttukan kwamfutar kwaikwayo a ajiye su a wani wuri dabam, domin a iya maido da ita idan ta lalace, ko aka goge ta, ko masu kutse suka kulle bayanan da ke cikinta. Kwamfutar kwaikwayo, wadda ake taƙaita sunanta da VM, kwamfuta ce da manhaja ke ƙirƙira a cikin kwamfuta ta zahiri, tana da nata tsarin aiki da faifai da katin sadarwa, amma duk na manhaja ne. Masu kula da sabobi suna kallon aikin a matsayin kashi biyu: ɗaukar kwafin, da kuma gwada shi don tabbatar da cewa zai tashi ranar da aka buƙace shi.

Tarihi

Kamfanin IBM ne ya fara raba babbar kwamfuta ɗaya zuwa kwamfutocin kwaikwayo da yawa a shekarun 1960, kuma ya fitar da VM/370 a shekarar 1972. Fasahar ta iso ƙananan kwamfutoci bayan kafa kamfanin VMware a 1998, wanda ya fitar da ESX a 2001. Daga nan Xen ya fito daga Jami'ar Cambridge a 2003, aka saka KVM cikin Linux a 2007, sannan Microsoft ya fitar da Hyper-V a 2008. Manhajar da ke ɗauke da kwamfutocin kwaikwayo tana kuma raba musu ƙarfin na'ura ita ake kira haifabaiza.

Da farko ana adana kwafinsu ne kamar kowace kwamfuta, wato a saka ƙaramar manhaja a cikin kowacce ta riƙa tura fayiloli. Wannan yana nauyaya na'urar idan kwamfutoci goma ko ashirin suka fara kwafi a lokaci guda. A 2009, tare da vSphere 4, VMware ya samar da hanyar ɗaukar kwafi kai tsaye daga haifabaiza, haɗe da fasahar CBT mai lura da sassan faifan da suka sauya. Microsoft ya kawo irinta mai suna RCT a cikin Windows Server 2016.

Yadda ake ɗaukar kwafi

A wurin na'urar da ke ɗauke da ita, kwamfutar kwaikwayo fayiloli ne kawai. Faifanta fayil ne mai tsarin VMDK a VMware, ko VHDX a Hyper-V, ko qcow2 a KVM, sai kuma wani ƙaramin fayil mai bayanin saituttuka. Matsalar ita ce kwamfutar tana aiki tana rubutu a faifan yayin da ake kwafarsa, don haka farkon kwafin da ƙarshensa ba za su dace da juna ba.

Ana magance wannan ta hanyar ɗaukar hoton yanayi. Haifabaiza yana daskarar da faifan na asali, ya karkatar da duk sabon rubutu zuwa wani fayil na wucin gadi. Manhajar kwafi ta karanta daskararren faifan, idan ta gama sai a haɗe sabon rubutun da na asali a goge hoton.

Ingancin kwafi ya danganta da abin da aka yi kafin ɗaukar hoton. Idan aka ɗauka ba tare da sanar da tsarin aikin da ke ciki ba, kwafin zai yi kama da kwamfutar da aka ɗauke wa wuta kwatsam. Sau da yawa takan tashi, amma rumbun bayanai na iya samun rubutun da bai kammala ba. Domin kauce wa haka, ana umartar manhajojin da ke ciki su kammala rubutunsu su ɗan dakata. A Windows fasahar VSS ce ke wannan aiki, a KVM kuwa wata ƙaramar manhaja ta QEMU da ake sakawa cikin kwamfutar ce ke tsayar da rubutu na ɗan lokaci.

Hoton yanayi shi kaɗai ba kwafin ajiya ba ne. Yana zaune a ma'adana ɗaya da faifan asali kuma ya dogara da shi, saboda haka idan ma'adanar ta mutu duka biyun sun tafi. Fayil ɗin wucin gadin yana ƙara girma kullum yana rage saurin kwamfutar. VMware yana ba da shawarar kada a bar hoto ɗaya ya wuce awa 72.

Ire-iren kwafi

Cikakken kwafi yana ɗaukar faifan gaba ɗaya. Kwafin ƙari yana ɗaukar abin da ya sauya tun bayan kwafin da ya gabata kawai, shi ya sa ya fi sauri kuma bai cin wuri. Kwafin bambanci kuwa yana ɗaukar duk abin da ya sauya tun bayan cikakken kwafi na ƙarshe. Raunin kwafin ƙari shi ne yana zama sarƙa: idan an yi cikakken kwafi ranar Lahadi, maido da yanayin ranar Alhamis yana buƙatar na Lahadi da na Litinin da Talata da Laraba da Alhamis. Idan na Talata ya lalace, waɗanda suka biyo bayansa ba su da amfani.

Wurin ajiya

Ƙa'idar da ta fi shahara ita ce 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku na bayanai, a kan nau'in ma'adana biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Gobarar da ta ƙone cibiyar SBG2 ta kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa ranar 10 ga Maris 2021 ta nuna dalilin sharaɗi na ƙarshe, domin wasu abokan cinikin kamfanin sun rasa sabobinsu da kwafinsu a dare ɗaya saboda duk suna harabar guda.

Masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa sukan nemi kwafin ajiya su goge kafin su kulle sauran. Suna kuma kai hari kan haifabaiza kai tsaye, kamar harin ESXiArgs na watan Fabrairu 2023 da ya kulle fayilolin kwamfutocin kwaikwayo a dubban sabobi. Wannan ya sa aka faɗaɗa ƙa'idar zuwa 3-2-1-1-0: kwafi ɗaya wanda ba ya haɗe da hanyar sadarwa ko wanda ba a iya sauya shi, da kuma kuskure sifili a lokacin gwaji. A harin NotPetya na Yuni 2017, kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya rasa sabobin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da kalmomin sirri, ban da guda ɗaya a wani ofishinsa wadda ɗaukewar wutar lantarki ta raba da hanyar sadarwa kafin harin. Da bayanan wannan sabar aka sake gina tsarin.

Tabbatar da cewa kwafi zai tashi

Saƙon da manhaja ke bayarwa cewa ta gama kwafi yana nufin an rubuta fayil ne kawai. Bai nuna cewa tsarin aikin zai tashi ko rumbun bayanan zai buɗe ba. Akwai matakan gwaji guda huɗu, kowanne ya fi na bayansa zurfi.

Na farko shi ne duba lafiyar fayil. Manhajar tana lissafa lambar tantancewa ga kowane yanki na bayanai lokacin rubuta shi, daga baya ta sake lissafawa ta kwatanta. Proxmox Backup Server, alal misali, yana amfani da SHA-256 wajen wannan. Matakin yana gano lalacewar ma'adana, amma ba ya gane kwafin da aka ɗauka daga kwamfutar da ta riga ta lalace.

Na biyu shi ne buɗe faifan da ke cikin kwafin a ciro wasu fayiloli a karanta su.

Na uku shi ne tayar da kwamfutar daga kwafin a cikin keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa. Keɓewar wajibi ce, domin kwafin yana ɗauke da suna da adireshin IP iri ɗaya da na asali. Idan suka haɗu a hanya ɗaya za su yi karo, kuma kwafin na iya fara tura imel ko aiwatar da biyan kuɗi karo na biyu. Kamfanin Veeam ya fitar da SureBackup a 2010, wanda ke yin wannan gwaji da kansa: ya tayar da kwamfutar, ya duba ko tana amsawa, ya gwada manhajojinta, sannan ya kashe ta ya aika rahoto.

Na huɗu shi ne atisayen maido da dukan tsarin, inda ake tayar da sabobi bisa jerin dogaronsu: sabar sunaye da ta shiga da farko, sai rumbun bayanai, sai manhajojin da ke amfani da shi. A nan ne ake gano abubuwan da aka manta, irin su mabuɗin buɗe kwafin da aka ajiye a cikin kwamfutar da ta mutu, ko wani faifai da aka ƙara amma ba a saka shi cikin jadawalin kwafi ba.

Ma'aunai biyu

Ana auna tsarin ajiya da ma'aunai biyu. RPO shi ne yawan aikin da za a iya jure rasawa: idan ana kwafi sau ɗaya da tsakar dare, kwamfutar ta mutu da ƙarfe biyar na yamma, aikin awa 17 ya salwanta. RTO kuma shi ne tsawon lokacin da za a ɗauka kafin aiki ya dawo. Kwafi mai girman terabait 2 yana buƙatar kimanin awa huɗu da rabi a kan layi mai gudun gigabit 1 a daƙiƙa, amma a kan layin megabit 100 zai kai kusan awa 44. Gwaji ne kaɗai ke bayyana ainihin wannan lokaci.

Abin da ya faru da GitLab

Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab ya goge babban rumbun bayanan shafin bisa kuskure, inda kimanin gigabait 300 suka tafi. Kamfanin yana da hanyoyin kwafi biyar, amma babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Manhajar pg_dump ta daɗe tana gazawa saboda sigarta ba ta dace da ta rumbun PostgreSQL ba, kuma saƙonnin imel da ke sanar da gazawar ba sa isa. An maido da shafin ne daga wani hoton yanayi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin hatsarin. An rasa ayyuka kusan 5,000 da asusun masu amfani kusan 700. A rahoton da kamfanin ya wallafa, ya bayyana cewa babu wanda aka ɗora wa alhakin gwada maidowa a kai a kai.

Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa

Ƙa'idar tsaron bayanai ta ISO/IEC 27001 ta tanadi cewa a riƙa ajiye kwafin bayanai da manhajoji a kuma gwada su a kai a kai. Takardar SP 800-34 ta hukumar NIST ta Amurka ita ma ta sanya gwaji da atisaye cikin matakan shirin ko-ta-kwana. Masu binciken tsaro sukan nemi rubutaccen rahoton gwajin ƙarshe, wanda ke nuna ranar da aka yi shi, da kwamfutar da aka maido, da tsawon lokacin da aikin ya ɗauka.