Daga Abuja Zuwa Suleja: Masarautar da Ta Ba Ƙasa Suna

A 2028 garin da Abu Ja ya kafa zai cika shekara 200. Ka tsaya a kasuwar Paikon Kore, kusa da Gwagwalada, ka tambayi matasa inda sunan Abuja ya samo asali, da wuya ka sami amsa. Alhali kafin 1976 yankin Gwagwalada a ƙarƙashin gundumar Kwali yake, Kwali kuwa ta Sarkin Abuja ce.

Asalin gidan sarautar Abuja Zariya ne. Da jihadi ya iso Zazzau a farkon ƙarni na 19, Sarki Muhammadu Makau ya fito da jama'arsa ya yo kudu, ya sauka Zuba wajen Koro. Bai huta ba har aka kashe shi a yaƙi wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar Jatau, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi. Shi ne ya ga cewa zaman baƙunci ba ya raya sarauta, ya zaɓi wuri cikin duwatsu ba nisa da Dutsen Zuma, ya kafa gari a 1828. Garin ya ci sunansa. Sarautun da aka baro a Zariya, Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu, duk aka sake dasa su, sarki kuma bai daina amsa sunan Sarkin Zazzau ba. Har yau bai daina ba.

Bayansa sai Abu Kwaka, Dogon Sarki, daga 1851 zuwa 1877, sannan Ibrahim Iyalai. Laƙabin Ibrahim, Dodon Gwari, ya isa shaida cewa zama da maƙwabta ba kullum ake shan zuma ba; zamani ne na yaƙi, kowace masarauta da irin nata. Abin alfahari shi ne Fulanin Zariya ba su taɓa cin Abuja ba. Sai Turawa a 1902, shekarar da Ibrahim ya rasa ransa.

Gwamna Lugga, wanda a Indiya aka haife shi, bai zo rushe gadon sarauta ba. Kamar yadda Ingila ta bar sarakunan Indiya a kan karagarsu tana juya su ta bayan fage, haka aka yi a nan: sarki na da sanda da alkyabba, Razdan da Di'o na da magana ta ƙarshe. Amma gidan ya riƙe wani tsari da ya daɗe yana tsare shi daga rikicin gado, wato karɓa-karɓa tsakanin zuriyar Abu Ja da ta Abu Kwaka. Muhammadu Gani ɗan Abu Kwaka ya hau a 1902, Musa Angulu ɗan Ibrahim ya karɓa a 1917, a 1944 kuma sarauta ta koma ɗakin Gani.

Wanda ta faɗa wa shi ne Sulaimanu Barau, kuma a nan alƙalami ke son ya daɗe. An haife shi a 1903, ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Keffi da Bida, ya riƙe gundumar Diko, sannan ya dawo gida yana taya Sarki Musa aiki da tsufa ya kama shi. Shi ake lissafawa sarki na farko a Arewa da ya yi karatun boko. Malamin makaranta a kan gadon Makau! Ya hana talakawa zuba ƙasa a ka in sun zo gaisuwa, ya kuma zauna a majalisar dokoki ta Najeriya a zamanin tsarin mulkin Richards. A zamaninsa ne Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta tarihin masarautar da Hausa, Frank Heath ya mai da shi Turanci.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. A gidan sarkin ne Baturen tukwane Michael Cardew ya ga randunan wata Bagwariya 'yar Kwali mai suna Ladi, masu zanen kunama da ƙadangare da kifi. Aka buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja, Ladi Kwali ta shiga a 1954. Yau hotonta na bayan takardar naira 20. Idon sarki ne ya fara ganin darajar aikinta.

Da Janar Murtala ya sanar da sabon babban birni a Fabrairun 1976, kaso mafi girma na filin daga ƙasar masarautar nan aka yanka. Aka nemi sunan ma, aka bayar. Tsohon garin ya koma Suleja, daga Sulaimanu da Ja, ya zauna a Jihar Neja. Sarki Sulaimanu ya rasu a 1979, Ibrahim Dodo Musa ya gaje shi. An ɗan yi ja-in-ja kan gado bayan 1993, har gaban kotu, amma tun 2000 Alhaji Awwal Ibrahim, tsohon gwamnan Neja, ke kan karaga.

Dubban ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu a Suleja da Madalla suke kwana, ga cunkoso, ga ƙarancin ruwa. Masarautar ta ba da ƙasa, ta ba da suna, yanzu kuma tana ba da masauki. Kafin 2028 ya kamata hukumar babban birnin ta sa tarihin nan a makarantun Gwagwalada da Kwali da Zuba, a kuma sake buga littafin Malam Hassan da Malam Shu'aibu da Hausarsa ta asali.