Littattafan Soyayya da Masu Karatunsu a Gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji: Waiwaye kan Tarihi

1. Gabatarwa

Idan ana maganar tarihin karatun Hausa da boko a Nijar, abubuwa uku aka saba ambatawa: yaƙi da jahilci da aka soma a farkon shekarun 1960, makarantun gwaji masu harshe biyu waɗanda ta farkonsu ta buɗe a Damagaram a 1973, da kuma tarurrukan daidaita rubutu. Dukansu aikin hukuma ne, shi ya sa suka bar takardu a ma'aikatu. Amma akwai hanya ta huɗu wadda ba a rubuta rahoto a kanta ba, wato ƙananan littattafan soyayya da ake bugawa a Kano, waɗanda samari da ƴan mata na jahar Maraɗi suka karanta, suka yi kuka da gardama a kansu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu bi sawun littattafan daga inda suka fito zuwa gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, mu duba yadda aka karanta su da abin da karatun ya haifar. Mun haɗa abin da masana suka riga suka rubuta da abin da muka gani da idonmu muna ɗaliban kwaleji a tsakiyar shekarun 1990.

2. Inda littattafan suka fito

Ƙagaggen labari na Hausa da boko ya samo asali daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar da Idon Matambayi. Tun a wancan rukuni, Jiki Magayi na John Tafida da East ya taɓo maganar saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa. Ke nan jigon ba sabo ba ne. A 1980 kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina.

Abin da ya canja a shekarun 1980 shi ne masu karatu da hanyar bugawa. Shirin ba da ilimin firamare ga kowa da Nijeriya ta fara a 1976 ya samar da ɗimbin matasa masu iya karanta Hausa, sannan tsuke bakin aljihu na 1986 ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i. Sai marubuta suka koma ga ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, suna raba labari kashi biyu ko uku don kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farkon wannan zubi. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, jigo a ƙungiyar Raina Kama, ya biyo baya a 1991, sai Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa a 1994.

3. Yadda suka ƙetaro iyaka

Gundumomin nan uku suna kan babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Damagaram, wadda ta bi ta Gidan Rumji, Tsibiri, Cadawa, Agye da Gazawa. (Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, kafin nan tana ƙarƙashin Agye.) Ta kudu kuwa ba su da nisa da iyaka: gabashin yankin yana fuskantar ƙasar Katsina, yammacinsa yana fuskantar Sabon Birnin Gobir. Zumunci da auratayya sun girmi iyakar, tun da Katsinawan da suka ƙaura bayan jihadi ne suka zauna Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a wajajen 1836. Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi yadda cinikin birnin ya rataya a kan Kano da Katsina.

Littattafan sun bi hanyar da atamfa da man fetur da kaset suke bi. Ba su da kantin kansu. A shimfiɗar mai sayar da Ƙawa'idi da Ahalari da littattafan addu'a ake samun su ranar kasuwa, ko cikin kayan ɗan cin rani da ya dawo gida, ko cikin akwatin amaryar da aka kawo daga ƙetaren iyaka. Kuɗi ma ya taimaka. Faɗuwar naira bayan 1986 ta sa kayan Nijeriya sun yi araha ga mai sefa, sannan rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya ninka tsadar littafin da ake shigowa da shi daga Faransa. Ɗalibin da ba ya iya sayen labarin Faransanci yana iya haɗa kuɗi da abokinsa su sayi na Kano, ko su yi hayarsa na kwana ɗaya.

4. Karanta rubutun da ba a koyar ba

A nan ne bambancin Nijar da Nijeriya ya fito fili. Ɗalibin Kano ya koyi karatun Hausa a aji. Namu kuwa, in ban da na makarantun gwaji da kuma waɗanda suka koya wajen ƴan mishan na SIM da suka zauna Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, da Faransanci ya soma karatu, a makarantar da a wasu wurare ake hukunta wanda ya yi Hausa a aji. Saboda haka shi ya koya wa kansa. Sunan garinsa ma ya isa misali: abin da ya saba rubutawa Guidan Roumdji ko Gazaoua ko Tchadoua, littafin zai rubuta shi Gidan Rumji, Gazawa, Cadawa. Dole ya gane cewa "u" na littafin shi ne "ou" na aji, "sh" shi ne "ch", "c" shi ne "tch", ya kuma saba da ɓ, ɗ da ƙ, ko ya cike gurbinsu da kansa, tun da maɗaba'un kasuwa sau da yawa ba sa sa ƙugiya. A saninmu, kashi na ɗaya na labari mai daɗi ya isa ya kammala wannan darasi.

Hatta wanda ya yi yaƙi da jahilci sai ya sake zama. Bayan taron Bamako na 1966, rubutun Hausa na Nijar ya daɗe yana ninka dogon wasali, kamar yadda sunan jaridar Saabon Ra'ayii ta Madawa ya nuna, alhali Nijeriya ba ta yin haka. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da ƙasashen biyu, ƙa'idar 1999 kuma ta tabbatar da rubutunmu na yanzu, inda muke da ƴ a gurbin 'y. Amma kafin hukuma ta gama shawara, idon matasan Maraɗi ya riga ya saba da rubutun Kano.

Bayan rubutu akwai karin harshe. Bagobirin Tsibiri yana cewa "munka tahi", littafin ya ce "muka tafi". Yana cewa "hwari", littafin ya ce "fari". Yana cewa "shi na, ita ta", littafin ya ce "shi ne, ita ce". Kalmomin aro ma sun raba hanya. "Biro" a Kano abin rubutu ne, a wurinmu wurin aiki ne. Inda labarin ya kai maras lafiya "asibiti", mu "likita" muke kai shi. Inda yarinya take "firamare", tamu tana "lakkwal". Abin lura shi ne mai karatu bai bar harshen gidansu ba. Ya dai ware Kananci ya ba shi aiki guda: shi ne harshen wasiƙar soyayya. Saurayin da zai yi wa uwarsa magana da Gobiranci, in ya ɗauki bik zai rubuta wa budurwa, sai ya koma "nake" da "kike" da kalaman da ya tsinta a littafi.

5. Abin da ke sa kuka

Ba a cika karanta waɗannan littattafai a kaɗaice ba. Littafi ɗaya yakan zaga aji guda har bangonsa ya fita. A cikin gida kuwa, ƴar makaranta ce take karantawa da ƙarfi bayan sallar isha'i, yayyenta da matan gidan da ba su yi boko ba suna saurare, suna tsayar da ita don su tsine wa mugu ko su yi musu kan laifin uwa. Saboda haka yawan waɗanda labarin ya kai gare su ya fi yawan masu iya karatu nesa ba kusa ba.

Me ya sa suke kuka? A In Da So Da Ƙauna, Sumayya ƴar masu hali tana son Muhammad talaka, aka matsa mata ta auri mai kuɗi, har ta faɗa rijiya. A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta an ba da ita ga tsoho, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, a jahar Maraɗi kuwa kashi 89. Yarinyar da take karanta labarin Abu a Agye ta san kujerar da ta zama wofi a ajinsu bayan hutu, ta kuma san dalili. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna cewa aure fage ne da mata suka daɗe suna neman mafita a cikinsa ta hanyoyin da ba na fito-na-fito ba. Muna ganin karatun labari ya shiga cikin waɗannan hanyoyi. Kunya ta hana yarinya ta ce wa mahaifinta ba ta son wanda ya zaɓa mata, amma ba ta hana ta cewa an zalunci Sumayya a gaban uwarta ba, uwar kuma ta fahimci inda aka dosa.

6. Suka da kariya

A Nijeriya an yi doguwar muhawara a jaridu cikin shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya kira rubutun Adabin Kasuwar Kano, yana sukar rauninsa da kwaikwayon baƙin al'adu. Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu suka kare shi. Brian Larkin ya bayyana dangantakarsa da finafinan Indiya a 1997. A 2007 har an ƙona wasu littattafan a bainar jama'a a Kano, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau.

A yankinmu sukar ba ta shiga jarida ba, amma ta zo ta fuska biyu. Iyaye da masu wa'azi suna cewa littattafan suna buɗe wa yara ido, suna koya musu bijire wa magabata. Malaman makaranta kuma suna ƙwace su don a ganinsu suna cinye lokacin Faransanci, harshen jarrabawa. Ba za mu ce sukar ba ta da tushe ba: da yawa daga cikin labaran an rubuta su a gaggauce, mafarkin mota da gidan bene ya yi musu yawa. Amma marubutan da muka ambata da hujjar addini suke yaƙar auren dole da hana mace ilimi, kuma a bayan shekaru masu yawa babu wani abin karantawa da Hausa da ya kai ga matasan karkara kamar su.

7. Kammalawa

Zamanin takarda ya ja baya. Tun da aka yi Turmin Danya a 1990 aka kuma mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, kaset ɗin bidiyo ya soma janye jama'a. Daga baya gidajen rediyo suka riƙa karanta labaran, yanzu kuma a waya ake samun su, a rubuce ko da murya, ta WhatsApp da YouTube da katin waya. Rufe iyaka na 2019 zuwa 2020 da na 2023 zuwa 2024 ya tsayar da motocin kaya, bai tsayar da labari ba.

A Maris ɗin 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Duk wanda zai tsara koyar da ita yana bukatar sanin cewa akwai masu karatun da suka riga shi, waɗanda suka koya ba malami, suka kuma saba da rubutu da karin harshen Kano. Littattafan da suka koyar da su an buga su a kan takarda mai rauni, gara da damina suna cinye su, matan da suka karanta su a 1995 kuma yanzu wasunsu sun yi jikoki. Muna ba ɗalibanmu masu neman abin bincike shawara su je Tsibiri da Cadawa da Gangara su tattara abin da ya saura a akwatuna, su ɗauki bayanin waɗannan mata da karin harshensu, su kuma kwatanta Hausar wasiƙun wancan lokaci da Hausar da masu su suke magana da ita.