Kalmomin Ingilishi na ba da amana: ku san su kafin ku sa hannu

Masu saurarenmu na Ƙonni, Malbaza da Illela, da ƴan'uwa mazauna Sakkwato, Legas, Akara da Kumasi, kuna yawan kawo muna takardun Ingilishi kuna tambayar abin da sunka ƙunsa. Mafi yawanmu Faransanci munka karanta a lakwal, amma iyaka tana bakin ƙofarmu, kuma da an ƙetara zuwa Illela ta jihar Sakkwato takarda ta koma Ingilishi. Ga shi kuma kundin da anka zartar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Shi ya sa munka tattaro kalmomin da ake amfani da su idan mutum zai bar wa wani dukiya ko aiki. A Hausa mun san amana daban, aro daban, jingina daban, sayarwa daban. A Ingilishi ma haka ne, kuma kalma guda tana iya raba mutum da filinsa.

Entrust: ba da amana

Ita ce confier ta Faransanci. Ka danƙa wa mutum abu ya kula da shi, abin yana nan naka. Ɗan ci-rani da ya bar wa ƙanensa shanu, ko uwa da ta kai ɗanta wurin malam, wannan kalmar ce ta dace da su. Gini biyu gare ta. Ana cewa I entrust my cows to him, ko I entrust him with my cows. Ma'anar guda ce: na ba shi amanar shanuna. Kalmar ba ta ba wanda anka bar wa iznin sayarwa ba.

Hand over: miƙawa

Faransanci remettre. Abu ya fita daga hannu ya shiga wani hannu, ko mabuɗi ne, ko kuɗi, ko shugabancin ƙungiya. Kalmar ba ta faɗi dalilin miƙawar ba, kuma nan rigima take ɓoyewa. In takarda ta ce ka yi hand over na babur, sai a ƙara rubuta ko aro ne, ko haya, ko sayarwa, da ranar maidowa. Wanda ya karɓi aikin shi ne ya yi take over, maidowa kuma hand back.

Delegate da authorize: wakiltawa da ba da izni

Shugaban ƙungiyar manoman rani zai yi tafiya, ya ɗora wa mataimakinsa wani sashe na aikinsa, wannan delegate ne, wato déléguer. Aikin ya koma hannun wakili, amma in an samu ɓarna shugaban za a fara tambaya. Authorize kuwa izni ne na yin abu takamaimai, kamar karɓo kuɗi ko kaya da sunanka.

Takardar wakilci da muke kira procuration, a Ingilishi sunanta power of attorney. A nan a buɗe ido. A Najeriya ana yawan amfani da ita wajen cinikin fili, musamman in an sa kalmar irrevocable, ma'ana wadda ba a warwarewa. Wanda yake so ɗan'uwansa ya riƙa karɓar masa kuɗin haya kawai, ya sa a rubuta hakan ƙarara, tare da wa'adi.

Consign: aika kaya

Wannan ta ƴan albasa ce. Buhunan Galmi da ke tafiya Gana suna da takardar rakiya, waybill. Mai aikawa shi ne consignor, mai karɓa consignee. Wanda sunansa ke gurbin consignee shi direba zai sauke wa kaya, don haka a duba sunan kafin mota ta tashi. In an ce kaya suna on consignment, dillali zai sayar ne ya kawo kuɗi, kayan na mai su ne har a sayar.

Deposit: ajiya ko kafin alƙalami

Fuska biyu gare ta. Zuba kuɗi a banki ko barin kaya ajiya deposit ne. Kuɗin da ake fara bayarwa don a riƙe maka kaya shi ma deposit ne. A na biyun a tambayi ko yana dawowa in ciniki ya watse: refundable yana dawowa, non-refundable ya tafi ke nan.

Lend, lease da pledge

Lend aro ne ko rance, mai karɓa kuma ya yi borrow. Lease haya ce mai wa'adi. Pledge jingina ce, abin da takardunmu ke kira gage: gona tana hannun mai kuɗi har a biya shi.

Assign da transfer: kalmomin da sunka fi haɗari

A wurin aiki assign na nufin a ba mutum aiki ya yi. A takardar fili ko gida kuwa ma'anarta céder, wato ka sallama haƙƙinka baki ɗaya. Deed of Assignment ita ce takardar da ake sayar da fili da ita a Najeriya. Misali, mutumin Tsarnawa yana da fili a Sakkwato, zai dawo gida noma, yana so abokinsa ya kula masa da shi. In ya dangwala yatsa a takarda mai wannan suna, a idon doka ya sayar, ko da a zuciyarsa amana ya bayar. Kada kuma a rikita ta da assigner ta Faransanci, wadda a shari'a take nufin sammaci. Transfer ita ma, in ta zo tare da ownership, sauya mai mallaka ne.

A nan gida fa?

Dokar karkara ta ƙasarmu, Code rural ta ranar 2 ga Maris 1993, ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Cofo, tun daga gari har zuwa gunduma. Suna da takarda daban ta sayarwa, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. Mai shirin tafiya da zai bar wa wani gonarsa ya je wurin maigari a rubuta ta aro, a gaban shaidu. Gonar da anka ara da baki shekara ashirin, in dattawan da sunka shaida sun rasu, ɗiyan mai aro suna iya ɗauka gadonsu ce, daga nan zumunci ya lalace. Rubutu ba rashin yarda ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Kafin a sa hannu

A nemi wanda ba shi da hannu a cinikin ya karanta takardar ya fassara ta layi-layi. A yi tambaya uku: abin na wane ne bayan sa hannu, wanda ya karɓa yana iya sayarwa, kuma yaushe zai maido? A karɓi kwafi, a ɗauki hotonsa a waya, a tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp. In akwai kalmar da ta shige muku duhu, ku aiko muna da ita, za mu yi bayaninta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.